Tsohon dam ɗinmu ya tsage, kifi ya daina hawowa: mu fasa shi ko mu bar shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. A garinmu, a bakin wani mayo, wato rafi, da ke gangarawa Binuwai ta arewacin Garwa, akwai tsohon dam na ƙasa, tsayinsa kamar mita 5, da mafitar ruwa ta kankare a gefe guda. Yashi da laka sun cika fiye da rabinsa, jingar ta tsattsage, ruwa na tsatsowa ta gindinta. Masunta sun ce tun da aka gina shi kifin Binuwai ya daina hawowa. Matasa na so a kawo katafila a fasa shi kafin damina, masu lambun albasa sun ce ba su yarda ba. Mene ne daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Matasanku da masu lambu kowa na da gaskiyarsa, amma fasawa a rana ɗaya ita ce shawarar da za ta iya cin rai. Dam ɗin da ya lalace, babu kuɗin gyara, babu mai kula da shi, gara a cire shi da tsari da a bar shi ya ɓalle da kansa cikin daren Agusta mutane na barci. Sai dai rushe jingar shi ne mafi sauƙi a aikin. Wahalar tana cikin lakar da ta taru a bayanta, da mutanen da abincinsu ya rataya a kan ruwan. Dam irin naku yakan ci rani biyu zuwa uku, ana rage masa tsayi kaɗan kaɗan, kowace damina ta kwashe rabonta na yashi.

Kafin komai, wannan tsatsowar da kuka ambata ita ce abin dubawa a makon nan. Ku tari ruwan a farar kwalba, ku ajiye awa guda. In ya fito garau babu abin da ya kwanta a gindin kwalbar, da sauran lokaci. In da laka, to ruwan yana cin jingar daga ciki, yana haƙa wa kansa hanya, kuma hanyar faɗaɗa take kullum. Ku tara tsiyayar ta bi ta bututu guda, ku sa bokiti mai lita 20, ku duba agogo, ku rubuta daƙiƙa nawa yake cika. A maimaita kowace safiya. Ruwan dam bai ƙaru ba amma bokiti na cika da wuri fiye da jiya, wannan mugun labari ne. Haka nan rami da ya lotsa a saman jinga, ko tsagar da ta bi tsawonta, ko gefen da ya zame ƙasa. Gidan gara, ramin gafiya da saiwar bishiyar da ta mutu ta ruɓe a ciki, su ne ƙofofin da ruwa ke fara bi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a toshe bakin tsiyayar da yumɓu ko siminti. Ruwan ba ya tsayawa, taruwa yake a cikin jinga ya jiƙa ta har ta zame. Abin da ake yi shi ne a shimfiɗa yashi mai tsabta kaurin santimita 30 a kan wurin, a ɗora tsakuwa santimita 30, a danne da duwatsu. Ruwa ya wuce, ƙasa ta tsaya. Sannan a fara rage ruwan dam, a kuma sanar da gidajen da ke gangare inda za su nufa in an buga ƙararrawa.

Ruwa a Kamaru dukiyar ƙasa ce a ƙarƙashin dokar ruwa ta 1998, kuma dokar muhalli ta 1996 ta wajabta binciken illa ga muhalli kafin aikin da zai sauya yanayin wuri. Don haka ko da duk gari ya amince, ba ku da ikon sa katafila da kanku. Ku bi ta wurin jauro da lawan zuwa ga lamido, ku rubuta wa magajin gari da supirefe, wato wakilin gwamnati a gunduma, su kira wakilan ma'aikatar ruwa ta MINEE, ta muhalli MINEPDED, da ta kiwo da kamun kifi MINEPIA. Ku nemi a gano wanda ya gina dam ɗin, domin in zanen ginin na nan, shi zai nuna zurfin harsashi da ko akwai bututu a binne a ƙasa. Ku dage a kawo injiniyan da ya san dam, ya hau jingar da ƙafarsa. Adadin da zan ba ku a nan na fahimtar aikin ne da iya yi wa ɗan kwangila tambaya, ba ya maye gurbin awon da za a yi a wurin.

Yanzu awo. Na farko rijiyoyi. Masu albasa da yawa ba daga dam suke ja kai tsaye ba, daga rijiyoyin fadama suke ja, kuma dam ne ke ɗaga ruwan ƙasan da ke ciyar da su. Ku zaɓi rijiya goma, wasu kusa da ruwan, wasu nesa, wasu a gangaren jinga. Duk mako biyu a zura igiya mai alama da asuba kafin a kunna inji, a rubuta. Shekara guda ta wannan rubutu za ta nuna wace rijiya ce ke bin dam, wace ce ba ruwanta da shi. Ba tare da shi ba, duk rijiyar da ta ƙafe nan da shekara goma a kanku za a ɗora laifin.

Na biyu laka. Da rani, a kwale-kwale ko da ƙafa inda ya bushe, a riƙa soka rodi duk bayan mita 20 har ya taɓa tsohon gadon mayo mai tauri. A haɗa kaurin da aka samu a raba da yawan wuraren da aka soka, a ninka da girman filin. Misali, hekta 5 da laka mai kaurin mita ɗaya da rabi ya ba da kubik mita 75,000. Tifa mai ɗaukar kubik 10 sai ta yi sawu 7,500. Kun ga kwashewa da mota ba magana ba ce ga ƙaramin gari. Abin da ke sauƙaƙa lissafin shi ne ba duka lakar za ta tafi ba. Mayo zai yanka wa kansa hanya a ciki, sauran ya zauna a gefe ya zama tudu. Hanya mai faɗin mita 20, zurfin mita 2, tsawon mita 500, kubik 20,000 ke nan. Wannan adadin ne za ku raba wa daminu. A lura kuma da irin abin da rodi ya fito da shi: yashi yakan tsaya a saman tafkin inda ruwa ke shigowa, baƙar laka mai wari tana kusa da jinga, kuma ita ce mai kashe kifi, domin tana shanye iskar da ke cikin ruwa in aka dama ta.

Na uku guba, kuma nan ba a ganin ido. In a saman mayon akwai gonakin auduga da aka daɗe ana fesa wa magani, ko majema, ko inda ake wanke zinariya da sinadarin makuri, a ɗebi laka daga wuri biyar zuwa goma, sama da ƙasa, a kai ɗakin gwaji. A Amurka an cire dam ɗin Fort Edward a kogin Hudson a 1973 ba a kula da abin da ke kwance a bayansa ba. Lakar cike take da gubar masana'antu mai suna PCB, ta bazu a kogin, aka hana cin kifinsa, aka shafe shekaru da dama ana yasa da maƙudan kuɗi. In gwaji ya nuna guba, wannan ɓangaren lakar haƙe shi ake a busar a binne nesa da ruwa, ba a sakar wa na gangare.

Maganar masuntanku gaskiya ce, kuma dalilinta sananne ne. Yawancin kifin koganmu da ruwan farko yake tashi. In mayo ya kawo, burdo, falia, tsage, kurungu da tarwaɗa su haura, su shiga fadamar da ruwa ya malale, su zuba ƙwai a cikin ciyawa inda ƙanana ke samun abinci da mafaka. In ruwa ya fara janyewa a Oktoba su gangaro. Kifin da ake busarwa ana kira salanga a Cadi haka yake barin tafkin Cadi ya hau Shari da Logon. Jinga ko ta mita ɗaya ce tana yanke wannan tafiya, kuma ta hana fadamar gangare ambaliyar farko da ke tayar da kifin. A nan Kamaru an ga abin da idanu. Da aka gina dam ɗin Maga a 1979 domin shinkafar kamfanin gwamnati SEMRY, tare da jingar da ta bi gefen Logon, faffaɗar fadamar Waza ta rasa ruwanta, kifi ya ragu, ciyawar kiwo mai daɗewa ta mutu, masunta da makiyaya suka yi ƙaura. A 1994, da taimakon ƙungiyar kare muhalli ta duniya IUCN, aka buɗe bakin ƙaramin rafin Goroma da jingar ta toshe, ruwa ya sake malale wajen murabba'in kilomita 200, kifi da ciyawa suka fara dawowa. Ba a rushe Maga ba, ƙofa ɗaya aka buɗe a inda ya dace. Wannan darasi ya shafe ku kai tsaye.

Domin ba lallai ne a tone komai har gindi ba. A mayo irin namu da ke ƙafewa da rani, shawarar da na fi tsayawa a kai ita ce a cire abin da ke sama da gadon mayo, a bar harsashin da ke binne. Yawancin dam na ƙasa suna da ramin da aka cika da yumɓu a ƙarƙashinsu, mafitar kankare kuma tana da katanga a ƙasa. In aka yanke daidai da tsohon gadon, ko sama da shi kaɗan, wannan binnannen bango zai ci gaba da tare ruwan da ke tafiya cikin yashi. Ruwan da ke cikin yashi rana ba ta shan sa yadda take shan buɗaɗɗen tafki, wanda a yankinmu yakan rasa kusan mita 2 a shekara. Sauro ba ya haihuwa a ciki, katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ba ta samun wurin zama. Masu albasa su samu ruwa a rijiya, kifi ya wuce ta sama da damina. Rijiyoyin da ke dab da tafkin za su sauka duk da haka, don haka kuɗin ƙara musu zurfi, da na sabuwar mashayar dabbobi a kan burtali, a sa shi cikin kasafin aikin tun farko, a kuma yi su kafin a taɓa jinga.

Rage ruwa shi ne matakin farko na aikin hannu, kuma gaggawa a nan na rusa jinga. Ƙasar da ta shekara da shekaru a jiƙe, in ruwan da ke tokare da ita ya janye da sauri, fuskar da ke kallon tafki sai ta sulale. Kada a wuce santimita 15 a rana, in yumɓu ne a rage ƙasa da haka. In akwai tsohon bawul a gindin dam da ya yi shekaru ba a taɓa ba, kada a murɗa shi da ƙarfi, domin yana iya buɗewa ya ƙi rufuwa. A yi amfani da bututun zuƙo, yadda ake zuƙo fetur daga tanki da tiyo. Bututun roba mai kauri, inci 8, a ɗora shi ya haye jinga, bakin ciki da raga da bawul mai hana ruwa komawa, a rataye shi a jikin durom ya tsaya rabin mita ƙasa da fuskar ruwa don kada ya sha laka. Bakin waje ya fi fuskar ruwan ƙasa da kamar mita 3, da bawul a ƙarshe, ya zuba a kan tarin duwatsu nesa da gindin jinga. A rufe bawul ɗin waje, a cika bututun ta wata ƙofa a ƙololuwarsa, a toshe ta sosai, a buɗe na waje. Irin wannan yakan ba da lita 80 zuwa 90 a daƙiƙa, wato kusan kubik 7,500 a yini, daidai da santimita 15 a tafki mai hekta 5. In ya tsaya, kusan kullum iska ce ta shiga ta mahaɗa. Kuma in ƙololuwar ta fi fuskar ruwa da mita 6, ba zai ja da kyau ba.

Lokacin farawa sai an zauna da masu lambu. Ruwan da za a saki ai ba asara ba ne in an tsara shi ya zo lokacin da albasa ke buƙata. A fara a Disamba ko Janairu, a gama kafin Maris, a yi yanka a Maris da Afrilu, katafila ta fita daga mayo kafin ruwan Mayu.

In ruwa ya koma ɗan gurbi, kifi zai taru ya fara haki, musamman da asuba lokacin da iskar ruwa ta fi ƙaranci. A sa rana a yi kamun kifi, gari ya amfana, amma a ware manyan iyaye, bargi da giwan ruwa da tarwaɗa, a kai su zurfafan guraben da ba sa ƙafewa cikin durom da ruwan wurin, da sanyin safiya, ba a cunkushe ba. A bincika ko akwai kada kafin a sa mutane. Lakar da ta bayyana kuwa samanta kan bushe ta yi ɓawo, ƙasanta na nan ruwa-ruwa. Tana haɗiye saniya, tana haɗiye yaro. A kewaye ta da ƙaya, a yi shela a masallatai da makarantu.

Dokar yanka jingar ƙasa ɗaya ce: ruwa ba ya bin kan ɗanyar ƙasar da aka yanka. Sai ruwan ya sauka aƙalla mita ɗaya ƙasa da inda za a tsaya. Inda ya fi dacewa a rage tsayin dam shi ne mafitar kankare, in tana kan tsohuwar hanyar mayo, a sassare ta da gudumar katafila mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a rani guda. Nakiya ba ta da wuri a aikin nan. In dole a yanka ta cikin jinga, faɗin gindin yankan ya kai faɗin mayon a inda dam bai taɓa shi ba, ku je ku auna a can, ku ƙara rabi a kai. Ƙaramar kafa matse ruwa take, ya ƙara gudu, ya ci gefe, itatuwa su toshe ta, tafkin ya sake cika a bayan jingar da aka riga aka raunana. Gefen yankan ya kwanta, duk zurfin mita 1 a ja baya mita 3, a shimfiɗa tsakuwa, a jera manyan duwatsu ko kwandunan waya cike da dutse. Ƙasar da aka tono a kai ta inda ambaliya ba ta kaiwa. Rodin da ya fito daga kankare a yanke shi tas, domin yana yaga kalli, wato ragar masunta, yana huda kwale-kwale.

Da ruwan farko za ku ga wani gaɓa ya bayyana a cikin lakar, yana ci yana ja da baya. Haka abin yake, shi ne mayon ke neman tsohon gadonsa. Haɗarin yana ga abin da ke gabansa. In akwai gada, mashigin kankare, bututun ruwa ko maƙabarta a sama, a binne layin manyan duwatsu a gicciye a gadon mayo kafin wurin, zurfinsa ya wuce inda ake tsammanin cin zai kai. Tudun lakar da ya rage a rufe shi da shuka tun daminar farko: jema a jere a bakin gaɓa, burgu a inda ruwa ke kwanciya, giyayya da bagaruwa a baya. In aka bar shi tsirara, ƙaidaji da kachala za su riga ku. Ƙasar nan tana da albarka ƙwarai, masakwa da albasa za su yi kyau a kanta, kuma saboda haka ne take haddasa rigima. A rubuta rabonta a gaban lamido tun tana ƙarƙashin ruwa, a fifita waɗanda suka yi asara, a bar mita 10 zuwa 15 daga gaɓa ba noma.

In an bar ɗan tsayi, ko mita ɗaya ne, sai an yi wa kifi hanya. Matakalar kankare mai tsayin taki da ake kwafowa daga Turai an yi ta ne don kifin da ke tsalle, namu mafi yawa ba sa yi. Dam ɗin Markala a kogin Neja a Mali yana da matakalar kifi tun zamanin Faransa, ba ta taɓa wadatar da yawan kifin da ke taruwa a gindinsa ba. Abin da ke aiki shi ne gangaren duwatsu mai faɗin mayon, duk tsayin mita 1 a ba shi tsawon mita 20 zuwa 30. A jera duwatsu masu santimita 60 zuwa 80 layi layi, rabin kowanne a binne, a kan shimfiɗar tsakuwa don kada ruwa ya zare ƙasar da ke ƙasa. Bambancin fuskar ruwa tsakanin layi da layi kada ya wuce santimita 15, wanda ke ba da gudun kusan mita 1.7 a daƙiƙa a tsakanin duwatsu, sannan gurbin hutawa mai zurfin santimita 40 ko fiye. Tsakiya ta ɗan fi gefe zurfi don ruwa kaɗan ma ya samu hanya guda. Inda irin wannan gini ke fara lalacewa shi ne ƙarshensa na gangare, don haka layin ƙarshe a binne shi mita ɗaya da rabi.

Mutanen gangare a faɗa musu gaskiya: daminar farko da ta biyu ruwa zai yi kauri, yashi zai cike wasu gurabe, zai binne rijiyoyin cikin mayo, gadon zai ɗan tashi har ruwa ya taɓa lambun da bai saba taɓawa ba. A kogin Elwha na Amurka, inda aka cire manyan dam biyu tsakanin 2011 da 2014, laka ta toshe matatar ruwan sha har aka dakatar da aikin kusan shekara, duk da kuɗi da masanan da ke kansa. Kifi kuwa ya haura inda dam na farko yake tun kafin a kammala. Ku kafa sanduna masu alama a wuri biyar a gangare, a duba bayan kowace babbar ambaliya. In yashi ya taru fiye da rabin mita kusa da gidaje, a tsallake rani guda ba a ƙara yanka ba. Masu tsoron cewa cire dam zai kawo ambaliya su sani cewa tafkin da laka ta cike, wanda ke batsewa tun Yuli, ba ya riƙe komai daga ruwan Agusta, abin da ya shigo shi ke fita.

Akwai masu asara ta dindindin, kuma ba daidai ba ne a ɓoye. Mai kama karfasa a tafkin duk shekara zai rasa wannan, kamun zai koma na lokaci, ko da yake nau'in kifi zai ƙaru. Sannan duk wahalar nan za ta tashi a banza in masunta suka gane cewa kifi na matsuwa a sabuwar kafar, suka datse ta da shingen dumba da tarkon gura. Sarkin ruwa da jami'in MINEPIA su zauna da masunta a sa doka: ba kamu mita 200 sama da ƙasan kafar, ba datse mayo daga gaɓa zuwa gaɓa, kuma a huta daga Yuli zuwa Satumba kamar yadda ake rufe kamu a tafkin Lagdo. A ɗauki masunta biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, su riƙa rubuta irin kifin da suka kama da girmansa sau ɗaya a mako, tun daga bana kafin a taɓa komai. Ranar da burdo ko tsage ya fito a kallin na sama, a rubuta kwanan wata da tsayin ruwa a sandar awo, domin wannan tsayin ne zai nuna wa injiniya ko gangaren duwatsun na buƙatar gyara kafin damina ta gaba.